'Yar Rakiyar Tumba Mai Fura

Ke Sa'a, ɗaga ƙafarki daga keken nan, miƙo mini abin da kika ɗinka. Iye! Har kin gama? Na shiga alwala na fito, ke kin gama aikin da ya ci mini shekaru kafin in iya. Sannu gwanar Ƙaura. Ke kuma Rabi daina dariya, ai ke ce jiya kika ce wannan matashin kan 'yar tsana ne, ido rufe ma kya ɗinka shi. Ku ajiye almakashi ku matso. Ɗinkin bikin mutane ya jira.

Wannan abu da kuke rainawa, a shagon nan 'yar rakiya muke ce masa. Mama ne na tsumma. Macen da ciwon daji ya kama wa mama, likita ya cire shi, ita ake ɗinka wa, ta sa cikin riga ta fita cikin mata kamar kowa. Ke kuma Sa'a kin ɗauko soson katifa kin cusa, kin naɗe shi da yadin leda mai ƙyalli, kin kawo ƙugiyar ƙarfe kin maƙala. Ya yi kyau, wallahi. A rataye shi a mota ya yi ado. Amma idan mai shi ta sa wannan a zafin bazara, kafin azahar ta tsine mini.

Ni ba a makaranta na koyi wannan ba. Ɗinki dai na koya a hannun wata tsohuwa a Shinkafi, wadda ta sa na shekara ina farke ɗinki da reza kafin ta bar ni in taka keke. Da na yi aure, Malam ma'aikacin reluwe ne, duk inda aka jefa shi sai in naɗe kan keke a bargo in bi. Zariya, Minna, Kafanchan, har Nguru na zauna. Shi ya sa harshena ya lanƙwashe, in na je gida 'yan'uwa su ce ga Asabe Bakanuwa ta zo. Na ɗinka wa matan Yarbawa buba, na ɗinka wa matan coci rigunan waƙa, na ɗauka babu abin da ya rage mini a ɗinki. Ashe da saura.

Ta farko da na ɗinka wa 'yar rakiya Yaya Kulu ce, wadda nake bi. Muna Zariya aka kawo ta daga Shinkafi da ƙullutu a mama na hagu. Allah ya taimake ta abin bai yi nisa ba, aka cire, aka yi mata ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi, ta warke sumul. Amma fa ta ƙi fita. Matar da ko sunan ɗan akuya aka yi sai ta je, ta koma ɗaka da hijabi har ƙasa, ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Na ce, "Yaya, me ya rage kuma?" Ta buɗe hijabi ta ce, "Duba ni, Asabe. Kamar jakin da anka ɗora wa taiki gefe guda."

Sai na ɗinka ɗan aljihu na cusa auduga, na sa mata a rigar mama. A tsaye ya zauna daram. Muka tafi walima gidan maƙwabta, aka tashi sallar la'asar. Tana yin ruku'u, tana ɗagowa, abu ya haura. Kafin a sallame yana nan kusa da kafaɗa, kamar ta saɓa ɗan kyanwa. Auduga ba ta da nauyi, duk inda hannu ya ɗaga sai ta bi shi. To soson Sa'a ya fi auduga rashin nauyi. Kin ji na ɗaya.

Yaya da kanta ta kawo shawarar gero. Ta ce mu mutanen Zamfara in abu ya rasa nauyi gero muke zuba masa. Na zuba, kuma gaskiya ya yi. Yana da nauyi, yana kwanciya, in ta motsa ya motsa. Ta koma Shinkafi tana taƙama. Da damina ta faɗi na je gaishe ta, ina shiga ta ce, "Zo ki ga gonarki." Ashe ta wanke shi ta shanya a ɗaka, iska ba ta buga shi ba. Ga tsiro kore shar ya huda yadi ta ko'ina. Ta ce, "Ki bari shi yi zangarniya mu raba." Muka koma soya geron kafin a zuba. Tsiro ya daina, ɓera ya samu hanya, kuma akuyar gidan ba ta ƙara barin Yaya ta zauna lafiya a tabarma ba. Sai da na je saro Maraɗi na ga masu ƙananan duwatsun roba na jigida, ana aunawa da gwangwani. Nan na tsaya kamar an dasa ni. Duwatsu a tsakiya, audugar rimi ta kewaye su, a naɗe da tsohuwar atamfa da ta sha wanki har ta yi laushi. Ba ya tsiro, ɓera ba ya so, ana wankewa ya bushe. Shi ne har yau.

Awo kuwa, tef ba ya yi miki shi duka. Tef zai gaya miki faɗin ƙirji, ba zai gaya miki nauyi ba. Sikelina tafin hannuna ne. Mu shiga ɗakin ciki mu saki labule, in tallafi mai lafiyar da hannun dama, 'yar rakiya a hagu, ina rage duwatsu ina ƙarawa har hannuwan su daina gardama. In ya yi nauyi ya ja mata wuya, in bai kai ba ya yi yawo. Kuma ba ki yin wannan fuska a ɗaure kamar mai karɓar haraji. Hira za ki ja, ki tambayi yara, ki zagi tsadar barkono, har ta manta hannunki na jikinta.

Akwai wata malamar makaranta daga Zurmi, ita ta koya mini juya ɗinki. An gasa mata wurin da na'ura a asibiti bayan aiki, fatar wurin ta yi laushi kamar ta jariri. Na ɗinka mata yadda ake ɗinka kowace riga, haɗin yana ciki. Ba ta daɗe ba ta dawo, ta nuna mini inda bakin ɗinkin ya goge ta har ya yi ja. Tun ranar, haɗi waje yake kallo, gefen da ke taɓa jiki sumul, zaren auduga ba na roba ba. Kuma in ciwo bai gama warkewa ba, babu duwatsu sam, rimi zalla, sai likita ya ce wurin ya yi ƙwari. Ita ce kuma hannunta na gefen aikin ya kumbura, yadda yakan yi wa wasu. Wani telan ya buɗa mata hannun riga guda ya bar guda. Kowa ya gan ta sai ya tambaya. Haba! Ai duka biyun za ki buɗa, ki ce yayi ne. Na yi mata haka, kafin Sallah malamai uku sun zo wai irin hannun rigar Malama suke so.

Har hula ina yi. Ɗankwali ba ya zama a kan da babu gashi, santsi yake yi. Sai in ɗinka hula mai laushi, in sa ɗan tudu a ƙeya kamar an tufke kitso, a ɗaura ɗankwali a kai. Wannan kam ke Rabi kina iyawa, na yarda.

Yanzu ƙugiyar da Sa'a ta sa. Kun san abin da mutanenmu ke cewa, wai daji ba ya son ƙarfe, in allura ko wuƙar likita ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Wannan magana ta cinye mata fiye da yadda zan iya gaya muku. Mace ta ji ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa ta yi shiru. Ya zama kamar goro, a shafa ganye. Ya zama kamar lemo, a sayo garin magani wurin mai lasifika a tasha, wanda maganinsa guda ke kashe basir da shawara da daji da mugun mafarki. Sai ya fashe yana wari, sannan a ɗauke ta ranga-ranga a kai asibiti. In ta cika a ce, kun gani, ƙarfe ya taɓa shi. Ba ƙarfe ba ne, jinkiri ne! Abin da ya fi ba ni haushi, waɗannan masu tsoron ƙarfen su ne za su kai ta a yi mata sakiya. Ƙarfe ja wur daga wuta, shi ba ƙarfe ba ne, na likita da aka dafa aka wanke shi ne ƙarfe. Na yi surutu har na gaji. Amma ni tela ce, ba gardama aka zo saye ba. Wadda ta tsallake duk wannan ta yarda aka yi mata aiki, ba zan sa ta kwana tana tunanin ƙugiya ba. Maɗauri na tsumma nake sawa, ko maɓallin roba.

Mummunar shekara ita ce wadda aka rufe layin waya, kasuwanni suka tsaya, hanyar Shinkafi da ta Zurmi kowa na tsoron ta saboda 'yan bindiga. Mata ba sa iya zuwa awo. Sai dai a tsaga tsumma a kewaya ƙirji a ƙulla, a ba duk wanda ya yi ƙundumbalar shigowa Ƙaura ya kawo mini. Nauyi kuwa sai in tambayi ɗan aike, ya sunkuyar da kai ya ce shi bai sani ba. Wata daga Galadi ta fi kowa dabara, ta aiko da dunƙulen ƙasa a leda, ta ce a ce mini, Hajiya nauyinsa kamar wannan. Na ɗinka da shi kuma ya yi daidai. Amma da yawa ranar komawarsu asibiti ta wuce suna gida, ga ƙarin ruwa ba a son a tsallake. Kun ga ƙusar can bayan ƙofa? A shekarar nan ta cika da ɗinki gamamme. Wasu an zo an karɓa daga baya. Wasu na farke na mayar da duwatsun gwangwani. Shi ya sa tun lokacin, in mace ta shigo tana cewa bari a ga bayan kaka, ba na iya yin shiru.

To a bayan wannan ne aka kawo Tumba. Mai fura ce daga Dauran, shekarunta ba su kai arba'in ba, da 'ya'ya biyar, na ƙarshe bai daɗe da yaye ba. Mijinta ya goyo ta a babur, ya yi sallama daga waje ya ce, "Hajiya, ga ta nan. Likita ya ce a cire tun bai yi nisa ba, an ba mu rana a Sakkwato ta ƙi zuwa, an sake ba mu wata. Ni na yi, uwarta ta yi. An ce ke kina da baki." Ya koma gindin dalbejiya ya zauna. Na ce to, yau kuma tela ta zama alƙali.

Ta shigo ta zauna a bakin benci kamar mai jiran a ce kule ta gudu. Na ɗauko tef don in ja ta da hira, tana ganin ɗan ƙarfen bakinsa ta ja da baya har ta bugi bango.

"Kak ki taɓa ni da wanga!"

"Tef ne, Tumba."

"Da ƙarhe a bakinai. Ni ƙarhe ba shi taɓa ni."

Na ce, "'Yan kunnen nan naki fa, da tuwo aka ƙera su?"

Ta taɓa kunne, ta harare ni. Na ajiye tef. Na kawo duk bayanin da na iya, na kawo misalin Malamar Zurmi, na ce ƙullutu tun yana ƙarami ake kama shi. Tana ta kallon ƙasa. Can ta ce, "Hajiya, ke zaune kike sana'arki. Ni ƙwarya nika ɗauka bisa kai, hannu sama, in ratsa gari. In sunka cire, mi za ni rufewa da shi? Yara su bi ni suna ga mai guda. Wa ka sayen fura hannun wadda anka yanke? Gara in mutu da abina cikakka."

Kun ji. Ƙarfe na nan, amma ba shi ne babba ba.

Allah ya sa a lokacin Yaya Kulu na wurina, ta zo ganin likitan ido. Tana ɗakin ciki tana ɓare gyaɗa, duk tana ji. Sai ga ta ta ɗaga labule, daga ita sai riga da zane, ta tsaya gaban Tumba ta riƙe ƙugu.

"Ke ɗiyar nan, ɗaga kai ki dube ni."

Tumba ta ce, "Ina wuni, Inna."

"Bar gaisuwa. Cikin biyun nan guda na Allah ne, guda na Asabe. Nuna min na Asabe."

Tumba ta dube ni, ta ɗauka tsohuwa ta zare. Na ce, "Da gaske take. Nuna."

Yaya ta ɗaga hannu sama kamar mai ɗauke da ƙwarya, ta taka zuwa ƙofa ta dawo tana yanga. Ta sunkuya ta taɓa ƙasa ta miƙe. Har rawa ta ɗan taka, tsohuwa da jikoki. Tumba ta ƙura ido, ta karkata kai nan, ta karkata can. Ta nuna na dama.

Yaya ta ce, "Kin zagi halittar Allah." Ta zura hannu a hagu ta zaro 'yar rakiya ta jefa mata a cinya.

Tumba ta yi tsalle ta yi salati, abin ya faɗi ƙasa. Sannan ta ɗauka. Ta juya shi, ta matsa, ta auna a hannu, ta kai kunne ta girgiza. Ta ce, "Inna, tun yaushe?"

"Autana yana goye anka yanke ni. Yanzu shi ka goya ni bisa babur."

"Kuma ƙarhen bai tada shi ba?"

"Ƙarhen ya fidda shi. Da na biye wa masu ganye, da yanzu kabarina ya baje."

"Mutane ba su sani ba?"

"Waɗanda na gaya wa sun sani. Sauran suna nan suna cewa Kulu ba ta tsufa."

Tumba ba ta ce za ta je ba. Ta ajiye abin a kan keke, ta gyara mayafi, ta fita ko sallama babu. Muka ji babur ya tashi. Yaya ta ce, "Mun yi asarar rawa." Na ce ai ba yau aka fara ba. Don ku sani, ba kowa ke dawowa ba. Akwai waɗanda Yaya ta yi wa wannan rawar suka yi dariya suka tafi, sai dai mu ji an yi sadakar uku.

Ana gobe ranar da likita ya ba su, da hantsi ina yankan yadi, sai ga sallama. Tumba ce, da ƙullin kaya a kai, mijin na waje da jaka, za su shiga motar Gusau su wuce Sakkwato. Ta sauke kaya ta wuce ɗakin ciki ba tare da an ce ta shiga ba.

"Hajiya, zo ki auna shi tun shina nan."

Na ce, "Ai ba shi ake aunawa ba. Wanda ya rage ake aunawa, in kin warke."

"A'a. Wanga ya ɗara wancan girma, shi yara sunka fi so. Shi nika son ki maido min."

Na ce, "In na yi miki haka za ki karkace."

"In karkace. Da ma hakanan nike."

Na tallafa na auna, a hankali saboda ciwon. Na ɗauko tsumma zan kewaya ƙirjinta don kada in tada rigimar tef. Ta fizge tsumman ta yar, ta miƙo mini tef ɗin da hannunta, ta wajen ƙarfen.

"Sa abinki, Hajiya. Wanda za ni tararwa can ya fi wanga kaifi."

An yi aikin. Ta sha wuyar ƙarin ruwa, gashi ya zube, na yi mata hula, ta rame har mijin ya zo nan yana share ido da hularsa. Hanya wani lokaci ta buɗe wani lokaci ta rufe, amma ba su tsallake rana ba, in ta kama su kwana biyu a Ƙaura gidan ɗan'uwansa su jira mota sai su jira. Har yau tana komawa a duba ta, kuma likita bai ce an gama ba, ya dai ce alhamdu lillahi. Furarta kuwa ba a daina saye ba. Yanzu ita ke tsare matan Dauran a bakin rijiya tana cewa kowa ta laluba jikinta in tana wanka, har hammata, in ta ji abin da ba ta saba ji ba ta tafi a duba, ba kowane ƙullutu ne daji ba amma ba a ganewa da ido. An ce har rawar Yaya ta sata.

Ku ma da kuke zare mini ido, ƙuruciya ba ta hana ku lalubawa. In kun ji wani abu ku gaya wa uwayenku, in kuna jin kunya ku gaya mini, ni ba ni da ita.

To wannan da na ba ki, Sa'a, na Tumba ne. Na uku ke nan, daka fura na cinye mata su. Jibi za ta shigo, kuma ba ta karɓa sai ta ɗora ƙwarya a kai ta taka daga nan zuwa bakin titi ta dawo, ta yi ruku'u, ta yi tsalle. In ya motsa daga inda aka ajiye shi, duk layin nan sai sun ji sunan wadda ta ɗinka. Ga reza. Farke shi, ki mayar wa katifa sosonta. Rabi, sauko da gwangwanin duwatsu. Kuma ki ƙara ɗan cokali a kan yadda hannunki ya ce, ita nata ya ɗara ɗayan.